Tsohuwar Winchester: a bar tsatsar waje, a binciki abin da ke ciki

A watan Nuwamban 2014, ma'aikatan gandun dajin Great Basin da ke jihar Nevada a Amurka suka ci karo da wata bindiga jingine da kututturen bishiya, a wani lungun tsauni da mutane ba su cika bi ba. Ƙarfenta ya yi tsatsa, ƙotarta ta koɗe ta tsattsage har launinta ya saje da ɓawon bishiyar. Lambar da ke jikinta ta nuna Winchester ce samfurin 1873, wadda ta fito daga masana'anta a 1882. Wanda ya jingine ta bai dawo ya ɗauka ba.

Abin lura shi ne yadda masana na gidan tarihin bindigogi da ke garin Cody a jihar Wyoming suka yi da ita. Ba su kankare tsatsar ba, ba su sauya ƙotar ba, sun dai shafa wa katakon wani sinadari da zai hana shi ci gaba da marmashewa. Amma sun kai ta asibiti an ɗauki hoton cikinta da na'urar duba ƙashi, kuma a cikin ɗan ramin ƙota da ake ajiye sandar goge bututu, sai ga harsashi guda da ba a taɓa harbawa ba. Suka cire shi.

Wato waje sun bar shi yadda suka same shi, ciki kuma ba su yarda da zato ba. Da yawa daga masu gadon irin wannan bindiga a Amurka akasin haka suke yi, kuma dokar ƙasar ma ta faɗa cikin kuskure makamancinsa.

Ga wanda bai taɓa ganin ta ba sai a finafinan kaboyi, ga yadda take aiki. A ƙarƙashin kunama akwai wani hannun ƙarfe mai kama da doguwar ƙawanya, inda maharbi ke zura yatsunsa uku. Idan ya tura shi ƙasa, kwanson harsashin da aka harba ya yi tsalle ya fita, gudumar da ke baya ta ɗanu. Idan ya dawo da shi sama, sabon harsashi ya shige mazauninsa. Harsasan kuwa suna jere ne ɗaya bayan ɗaya a cikin wani siririn bututu da ke ƙarƙashin babban bututun.

Samfurin 1873 ya yi suna, an ƙera fiye da 700,000, har 'yan talla suka laƙaba masa kirarin bindigar da ta ci yammacin Amurka da yaƙi. Kirari ne da ba zai yi wa ƙabilun asali na ƙasar daɗin ji ba, tunda ƙasarsu ce aka ci. Sai dai wadda ta fi yawa a bayan ƙofofi da ƙarƙashin gadajen Amurkawa ita ce samfurin 1894, wanda John Moses Browning ya tsara. An ƙera fiye da miliyan 7 kafin a rufe masana'antar New Haven da ke jihar Connecticut a 2006. Ta cikon miliyan ɗaya Shugaba Calvin Coolidge aka ba a 1927, ta cikon miliyan biyu kuma Shugaba Dwight Eisenhower.

Dalilin farin jininta ba ɓoyayye ba ne. Gajeriyarta nauyin kilo 3 ne ko kusa da haka, ba ta da faɗi, tana zama a tafin hannu, kuma harsashinta mai lamba .30-30, wanda ya fito a 1895, ya isa ya kayar da barewa a nisan mita 100 zuwa 150 cikin kurmi. Manomi ya saya, ɗansa ya gada, yau tana hannun jika ko tattaɓa kunne wanda wataƙila bai taɓa fita farauta ba.

Abu na farko da irin wannan magaji ke yi yawanci shi ne ɗauko takardar goge katako da man sheƙi. Yana ganin yana girmama kakansa ne. A kasuwar masu tara tsofaffin bindigogi kuwa, bindigar da aka sake rina ƙarfenta aka kankare ƙotarta darajarta faɗuwa take yi, domin abin da ake saye shi ne asali. Wurin da shuɗin ƙarfen ya goge ya koma fari a tsakiyar bindigar, nan ne hannun mai ita ya riƙe ta shekara da shekaru. Idan aka shafe wannan, sai a rasa abin da ya bambanta ta da kowace.

Wannan ya fi tsanani ga waɗanda aka ƙera kafin 1964. A wannan shekara ce kamfanin ya sauya salon ƙira don rage kuɗin aiki, ya maye gurbin wasu sassa da ake sassaƙawa daga dunƙulen ƙarfe da masu araha. Bindigar ta ci gaba da harbi, amma masu saye suka juya mata baya, har yau kuma farashin ta kafin 1964 daban yake. Wanda ya kai irinta aka huda mata ramuka don ɗaura madubin hangen nesa ya yi asarar da ba ta gyaruwa. Dama ba a yi ta don madubi ba: ta sama take tofar da kwanso, sai a farkon shekarun 1980 aka karkatar da fitarsa zuwa gefe.

Kulawar da waje ke buƙata ba ta da yawa. Ɗan mai a tsumma bayan an taɓa ta, domin gumin hannu na da gishiri. Wurin ajiya busasshe, ba cikin kube na fata ko soso mai riƙe danshi ba. Mai kuma kada ya yi yawa, don idan aka jingine ta bakinta sama, yakan gangaro ya jiƙa katakon har ya yi baƙi ya yi laushi. Wanda ke son sanin tarihin tasa, gidan tarihin na Cody na riƙe da tsofaffin rajistocin masana'antar Winchester, yana kuma bayar da takardar shaida ga lambobin da ke cikinsu.

A ciki ne ake wasa da rai.

Tsohon samfurin 1894 ba shi da maɓallin kulle irin na bindigogin zamani. Sai a 1992 aka ƙara masa. Kafin nan abin dogaro shi ne a ja gudumar baya rabi ta maƙale a wani ɗan tsagi, kuma tsagin da ya shekara 80 ko 100 yana iya cinyewa ba tare da ido ya gani ba. Sannan babu hanya mai sauƙi ta zazzage harsasan: dole a riƙa motsa hannun ɗanawa, kowane harsashi ya bi ta cikin bindigar, guduma a ɗane, yatsu kuma a kusa da kunama. Wani lokaci harsashi na ƙarshe yakan maƙale a siririn bututun saboda tsatsa ko lotsawa, mutum ya motsa hannun sau uku bai ga komai ba, ya ɗauka ta zama wayam, a karo na huɗu kuma ya faɗo. Shi ya sa masu koyar da harbi ke cewa a leƙa da ido, kuma bakin bindiga kada ya taɓa kallon mutum.

Batun harsashi ma haka. Tunda a jere suke, kan kowane ɗaya yana dogare ne da gindin na gabansa, daidai inda ɗan maɓallin da ke tayar da albarushi yake. Harsashi mai tsinin kai yana iya zama tamkar allura idan bindiga ta yi naushi baya, ya tayar da na gabansa a cikin bututun, dab da hannun hagun maharbi. Saboda haka ake yin .30-30 da kai mai faɗi ko mai zagaye. Kamfanin Hornady ya fito da mai tsinin roba mai laushi a tsakiyar shekarun 2000 don kauce wa wannan haɗari.

Akwai kuma rikicin suna. A jikin tsofaffi ba za a ga .30-30 ba, 30 W.C.F. aka buga, kuma abu ɗaya ne. Amma an ƙera samfurin da wasu harsasan dabam, irin su .32 Winchester Special, .38-55, .32-40 da .25-35, wasunsu kuma da wuya baƙo ya bambanta su da ido. Samfurin 1873 shi ma nasa lamarin daban ne: an tsara shi ne a zamanin baƙin albarushi, irin wanda ake ɗura wa bindigar toka, makullinsa bai kai na 1894 ƙarfi ba, kuma harsashi mai matsin zamani yana iya fin ƙarfinsa.

Ko gogewa tana da tarko. Samfurin 1894 ba shi da sauƙin buɗewa ta baya, don haka tsararraki sun riƙa zura sandar ƙarfe ta baki, a hankali tana cinye gefen bakin, inda harsashi ke rabuwa da bututu. Bindigar da bakinta ya ci tana watsa harbi, ita ce ke raunata barewa ta gudu ta mutu a wahale. Nan Marlin 336, wadda ta fito a 1948, ta fi ta: a kwance dunƙule ɗaya, a zare sassan baya, a goge daga ciki zuwa waje. Tsofaffin harsasai na kafin ƙarshen shekarun 1920 kuma suna barin gishiri mai cin ƙarfe, shi ya sa bindigar da ke sheƙi a waje kan zama cikinta duk ramuka. Kuɗin da magaji zai kashe wajen mai rini, gara ya kai wa ƙwararren mai gyaran bindiga ya auna ta kafin a saka mata harsashi ko ɗaya.

Sai doka. A ƙarƙashin dokar tarayya ta taƙaita bindigogi ta 1968, duk bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan kayan tarihi ce, ba ta cikin ma'anar makami a wannan doka. Ana iya sayar da ita ba tare da binciken tarihin mai saye da ake yi a shagunan bindiga ba, sai dai idan dokar jiha ta ƙara wani sharaɗi. To amma Winchester 1894 da aka ƙera a 1897 da wadda aka ƙera a 1899 tagwaye ne. Harsashi ɗaya suke ci, wanda ake sayarwa yau a kusan kowane shagon kayan farauta, barewa ɗaya suke kayarwa. Dokar ta duba ranar haihuwa ta ƙyale abin da ke shiga cikin bututu.

Birtaniya ta bi wata hanyar. Ƙa'idojinta na 2021 sun ce bai isa bindiga ta tsufa ba, wato a ce an ƙera ta kafin 1 ga Satumban 1939. Dole kuma harsashinta ya kasance cikin jerin waɗanda aka daina amfani da su, ko salon harbinta ya zama na da can. Har an cire wasu harsasai bakwai daga jerin bayan an ga masu laifi na amfani da tsofaffin bindigogin da ke cin su. Harsashin .30-30 ba ya cikin jerin, saboda haka mai Winchester ta 1897 a can sai ya nemi lasisi kamar mai sabuwa.

Masu tara kayan tarihi a Amurka za su ce mai laifi ba ya neman doguwar bindiga mai shekara 125 da ke ɗaukar harsashi shida ko bakwai, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Gyara dokar ma ba abu ne da ake sa ran gani nan kusa ba, ganin yadda batun bindiga ke raba kan majalisar ƙasar. Amma gyaran da ake magana ƙarami ne: bindigar da harsashinta ya ɓace daga kasuwa ta ci gaba da zama kayan tarihi, wadda kuwa ke cin .30-30 a bi da ita ta hannun dillali mai lasisi, a binciki mai saye, ko da a 1895 aka buga mata lamba.