Harshen Kwamfuta Ma Gayya Yake So

Makon jiya na je gida Karfi, a ƙaramar hukumar Malumfashi, daidai lokacin da ake kwasar masara. Bayan sallar Isha'i ɗan ƙanwata ya zo gaishe ni, riƙe da takardar shaidar wani horo na mako biyu da aka ba su kan Python, ɗaya daga cikin harsunan da ake rubuta wa kwamfuta umarni da su. Na tambaye shi abin da ya rubuta tun bayan horon. Ya sunkuyar da kai ya ce: "Kawu, na fara, sai wani kuskure ya tsayar da ni, kuma babu wanda zan tambaya."

Na karɓi wayarsa na duba. Layi ɗaya ne bai matsar da shi ciki ba, shi kuwa Python da tazarar farkon layi yake gane umarnin da ke ƙarƙashin wani. Gyaran bai ci minti guda ba. Amma wata huɗu ke nan da yaron ya jingine karatun, har ya yanke wa kansa hukuncin cewa ba shi da basirar abin. Ba basira ya rasa ba, jama'a ya rasa.

Tarihin harshen kansa shaida ne. Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan, ya fitar da Python a 1991. A 2001 aka kafa gidauniyar da ke kula da shi, kuma masu aikin sa-kai ne suka yi ta rubuta masa kayan aiki, suna amsa tambayoyin 'yan koyo, suna shirya taruka. Da Van Rossum ya sauka daga jagoranci a 2018, harshen bai girgiza ba: a 2019 masu raya shi suka zaɓi majalisa ta mutum biyar. A watan Agustan shekarar ne kuma aka yi taron Python na Afirka na farko a Accra, babban birnin Gana. A Arewa muna da irin su HausaNLP da Arewa Data Science Academy, waɗanda suka nuna cewa matasanmu na iya haɗa kai su koyar da juna. Gwamnatin Tarayya ma ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023, da burin horar da mutum miliyan uku. Sai dai horo yana da ranar rufewa, kuma idan yaro ya dawo ƙauye, shi da wayarsa kaɗai ake bari.

A nan ne nake ganin manoman Karfi sun riga mu malaman jami'a fahimtar al'amarin. Tun kakanni suna da gayya: yau a taru a gonar wane, gobe a gonar wane, wanda aka yi wa aiki ya san akwai bashi a wuyansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wannan tsari ne ya kamata mu ara.

Da farko, a tsayar da rana da wuri. Zaman awa biyu kowace Asabar a ajin makarantar firamare ya fi babban taron shekara-shekara na jawabai da hotuna. Ba sai an jira ɗakin kwamfutoci ba, domin akwai manhajoji irin su Pydroid da ke ba mutum damar rubuta Python a wayar Android, caji kuma na sola ya wadatar.

Na biyu, a yi aikin da gari ke buƙata. Wannan yanki na Funtuwa da Malumfashi ƙasar masara ce da dawa da auduga da waken suya. Ƙungiyoyin manoma suna raba taki bashi, a biya da buhuna bayan girbi, kuma sau da yawa lissafin yana cikin littafi guda da ruwa zai iya jiƙawa. Idan matasa suka rubuta ƙaramar manhajar da za ta riƙe wannan lissafi, sun koyi sana'a, iyayensu kuma sun ga amfanin zaman, ba za su ƙara kiransa wasan waya ba.

Na uku, a yi bayani da Hausa, kuma a haramta dariya ga mai tambaya. Matambayi ba ya ɓata, amma wanda aka kunyata sau ɗaya ba ya dawowa. A ware wa 'yan mata lokacin da iyaye za su aminta da shi, kamar yadda Django Girls ta riƙa shirya wa mata zama na musamman tun 2014.

Na huɗu, kada ƙungiya ta rataya a wuyan mutum ɗaya. Wanda ya koyi abu a wannan wata shi zai koyar da shi a wata mai zuwa, jagoranci kuma ya riƙa zagayawa kamar kwasar adashi. Na ga ƙungiyoyin ɗalibai da dama sun mutu ranar da shugabansu ya tafi bautar ƙasa.

Za a ce matsalar tsaro da tsadar rayuwa sun fi wannan gaggawa. Gaskiya ne. To amma matashin da ya rasa abin yi, ai ba mu san wanda zai ba shi aiki ba.

Kirana ga abokan aikina na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua: kowannenmu yana da garin da ya fito. Ni dai na yi wa ɗan ƙanwata alkawarin Asabar ɗaya a kowane wata, bisa sharaɗin ya tara mutum biyar, su kuma riƙe sauran Asabar ɗin da kansu. Kafin in baro gida ya samo huɗu. Allah Ya sa mu cika alkawari.