Kimiyya a Tsakar Gida: Idan Birki Ya Yi Gardama Ranar Canza Faifai da Fad

 Mun san da yawa daga cikinku, idan Baba ko Yaya ya fito da akwatin sifana ranar Asabar, ku ne 'yan "miƙo wannan, riƙe wancan". Tsadar rayuwa ta sa magidanta da dama sun koma yin ƙananan gyare-gyaren mota a ƙofar gida, kuma canza faifai da fad na birki yana cikin ayyukan da ake cewa "ai ba wani abu ba ne, 'yan notuna ne kawai". Haka ne, idan komai ya tafi daidai. Amma ba kasafai yake tafiya daidai ba, kuma birki ba fitilar mota ba ce da za a ce idan ta ƙi a gyara gobe.

Mu fara da sanin kayan. Faifai shi ne zagayayyen ƙarfen nan da ke juyawa tare da taya. Fad su ne 'yan takalman nan biyu da ke matse shi hagu da dama. Gidan da ke riƙe da su shi makanikai ke kira kalifa, a cikinsa kuma akwai fistan da man birki ke turawa idan direba ya taka feda. A darasin Fiziks an koya mana cewa makamashi ba ya ɓacewa, sai dai ya sauya kama. Mota mai nauyin kilo 1,200 da ke gudun kilomita 100 a awa tana ɗauke da makamashin motsi kimanin jul 463,000. Idan aka tsayar da ita, kusan duk wannan zafi yake komawa a jikin faifai da fad cikin 'yan daƙiƙu, zafin da ya isa ya kai ruwa kusan lita ɗaya da rabi ga tafasa. Kun ga ashe kayan da ake taɓawa ba na wasa ba ne.

Ra'ayinmu a kan wannan aiki shi ne, duk sashen da ya ƙi fita ko ya ƙi shiga, akwai abin da yake gaya mana. Mai garaje yakan ɗauko guduma. Mai lura yakan tsaya ya tambayi kansa me ya hana.

Kafin a taɓa birkin ma, sai an ɗaga motar, kuma a nan ake rasa rai. Jak ɗagawa kawai yake yi, ba a dogara da shi wajen riƙe mota. A nemi wuri mai tauri wanda yake a baje, ba rairayin ƙofar gida ba, a tare sauran tayoyin da katako, a sa matokarin ƙarfe a ƙarƙashi. Bulon siminti yana iya rugujewa nan take ba tare da wata alama ba. Tayar da aka cire a kwantar da ita ƙarƙashin motar, ko da wani abu zai zame. Ku kuma kada ku cusa kai ko ƙafa ƙarƙashi don neman notin da ya faɗi. Baƙar ƙurar da ke jikin birki ma ba a hura ta da baki, domin wasu fad ɗin na ɗauke da asbestos, wanda ke yi wa huhu illa. Jiƙaƙƙen tsumma ake sa wa.

Gardama ta farko takan zo daga faifan kansa. Yawancin motocinmu na hannu daga Turai da Amurka da Kanada aka kawo su, inda ake barbaɗa gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, gishiri kuwa abokin tsatsa ne. Sai ka ga ɗan sukurun da ke riƙe faifai a motoci irin su Honda da Golf ya kafe, ana matsa masa da sukuddireba sai kansa ya cinye. Dabarar ita ce a fesa masa man sassauta tsatsa, a ba shi minti goma ko fiye, sannan a yi amfani da sukuddireban nan da ake bugawa a keya yana juyawa. Idan sukuru ya fita faifan ya ci gaba da mannewa, a duba fuskarsa da kyau. A motocin Toyota da Honda da yawa akwai ƙananan ramuka biyu masu zare, waɗanda kamfani ya yi don wannan ranar. Ana ɗaura musu bol mai kaurin milimita 8, wannan kaɗan wancan kaɗan, sai ka ji faifan ya yi ƙara ya saki. Mutane nawa ne suka shafe awa guda suna jibgar faifai alhali ramukan suna kallonsu! Idan kuma faifan baya ne, a tabbata an sauke birkin hannu, domin a wasu motocin takalman birkin hannu suna cikinsa suna riƙe da shi.

Yayin da ake wannan, kalifar da aka kwance ba a barinta tana reto a jikin tiyonta na roba. A rataye ta da waya. Tiyon yana iya tsagewa daga ciki ba a gani ba.

Kada a yi saurin jefar da tsohon fad, domin kamar takardar sakamako yake, yana nuna halin da birkin ya kasance. Idan biyun sun ci daidai, lafiya. Idan ɗaya ya ƙare ƙarƙaf ɗayan yana da sauran nama, ko ya ci a karkace, to sandunan nan biyu da kalifa ke zamewa a kansu sun kafe. Sa sabon fad ba tare da an gyara su ba asarar kuɗi ce, don shi ma haka zai ci. A zare su, a goge, a shafa musu giris ɗin silikon. Baƙin mai ko giris na gama-gari yana kumbura robar da ke rufe su, bayan 'yan watanni a dawo gidan jiya. Fuskar fad da ta faifai kuwa ko ɗigon maiƙo bai kamata ya taɓa su ba. Tsohon fad yana da wani amfanin: a tafi da shi kasuwa, ko Ƙofar Ruwa ce a Kano ko Fanteka a Kaduna, tare da lambar shasin motar, domin mota iri ɗaya ta Amurka da ta Turai suna iya bambanta a girman birki. Kuma ƙafa biyu ake canzawa tare, hagu da dama. Shi faifai a jikinsa an rubuta MIN TH da lamba, wato mafi ƙarancin kaurin da ya halatta. Idan ya gaza haka ya gama aiki, komai kyan fuskarsa.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen mayar da fistan. Sabon fad ya fi tsoho kauri, don haka dole a tura fistan ciki kafin kalifa ta zauna. A ƙafar gaba, ana ɗora tsohon fad a kansa a matsa a hankali da matsi mai zare irin na kafintoci. Man da aka tura yana komawa kofinsa da ke ƙarƙashin bonet, kuma idan a baya an yi ta ƙara mai, zai yi ambaliya. A buɗe murfin, wani ya tsaya yana kallo, a rage da sirinji idan ya cika. Man birki yana cin fenti, idan ya zuba a wanke da ruwa nan da nan.

Na baya kuwa wani labari ne. A Golf da wasu samfuran Honda, inda birkin hannu ke aiki ta cikin kalifa, fistan ɗin yana kan zare ne. Juya shi ake yi kamar murfin kwalba ana turawa, kuma 'yan tsagogin da ke fuskarsa su ne alamar haka. Wanda bai sani ba ya matsa shi da ƙarfi, ya karya abin da ke ciki, aikin 'yan dubbai ya koma na sabuwar kalifa. Motocin zamani masu birkin hannu na maɓalli kuwa galibi sai an sa musu kwamfuta ta janye fistan ɗin. Wannan ba aikin ƙofar gida ba ne. Haka idan fistan na gaba ya ƙi motsi ko robarsa ta yage, tsatsa ce ta shiga, a kira makanike. Idan aka tilasta shi aka ɗaura, zai riƙe faifai yana gurza, ƙafar ta yi zafi, mota ta riƙa ja gefe guda.

Akwai matsalar da ba ta bayyana ranar aiki. Bayan wata biyu ko uku, sai direba ya ji sitiyari na karkarwa idan ya taka birki, a ce ai faifan jabu ne. Sau da yawa faifan ba shi da laifi. An ɗora shi ne a kan mazaunin da ba a kankare tsatsarsa ba, kuma ɓarɓashi mai kaurin gashin kai ya isa ya sa faifai ya zauna a karkace, ya riƙa ci ba daidai ba. Minti biyar da buroshin waya da sanfefa suna maganin wannan. Sabon faifai kuma yana zuwa da maiƙon hana tsatsa, a wanke shi da ruwan sabulu mai ɗumi a busar. Notunan taya a ɗaure su ana tsallakawa kamar zanen tauraro. Al'adar hawa kan sifana ana tsalle ba gwaninta ba ce: kamfani ya ƙayyade ƙarfin ɗauri a littafin mota, na Corolla kimanin Nm 103 ne, wanda hannun babban mutum ya isa ya kai.

Yanzu ga abin da muke so ku riƙe ko da kun manta sauran. An gama, an sauke mota, kowa yana wanke hannu. A wannan lokacin motar ba ta da birki ko kaɗan. Fistan da aka tura ciki yana nesa da fad, takun farko feda za ta nutse har ƙasa ba abin da zai kama. A lungu irin namu, inda ƙannenku ke wasa bayan mota, ku hango abin da zai iya faruwa. Kafin motar ta motsa, a taka feda a saki, gajeren taku, sau da yawa har ta yi tauri, sannan a duba man a kofi. Babba yana iya mantawa saboda gajiya. Ku tuna masa cikin ladabi: "Baba, an taka birkin ya yi tauri kuwa?"

Idan an taka an taka feda tana nan da laushi kamar soso, iska ce ta shiga layin. Blaise Pascal, masanin nan na Faransa da ya rayu daga 1623 zuwa 1662, ya nuna cewa matsin da aka yi wa ruwa a rufaffen wuri yana isa ko'ina daidai. Da wannan birki ke aiki, saboda mai ba ya matsuwa. Iska kuwa tana matsuwa, sai ƙarfin ƙafar direba ya ƙare a kanta. Sai an fitar da ita, aikin mutum biyu ne kuma na wanda ya iya. A ƙara irin man da aka rubuta a murfin kofi, yawanci DOT 3 ko DOT 4, kada a gauraya su da DOT 5. Ragowar gwangwanin da ya daɗe a buɗe ma ba ya amfani, domin man yana shan danshin iska: ƙa'idar DOT 4 ita ce sabo ya jure digiri 230, amma wanda ya sha ruwa yana iya tafasa a 155. Idan kuma an danne feda tana nutsewa a hankali, akwai yoyo a wani wuri. Motar nan ba inda za ta sai makanike ya zo.

Gwaji a kan hanya na mai lasisi ne, kuma a Najeriya sai an cika shekara 18 ake samun sa, don haka ku kujerar gefe ce taku. A nemi hanyar da ba jama'a, a rage gudu daga kilomita 50 zuwa 10 sau takwas ko goma, da taku matsakaici, don fad ya saba da faifai. Ɗan ƙauri a ranar farko ba abin damuwa ba ne. Ƙarar gurzar ƙarfe da ƙarfe kuwa a tsaya a duba, don an sha ganin wanda ya sa fad a juye.

Ga aikin gida. Ku ɗauki motar nan mai kilo 1,200, ku lissafa makamashin motsinta a gudun kilomita 50 a awa, ku kwatanta da na kilomita 100. Ku tuna sai kun mayar da gudun zuwa mita a daƙiƙa. Ku aiko da amsa tare da sunan makarantarku da ajinku, za mu buga sunayen waɗanda suka dace a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.