Zaɓen Manhajar Kula da Abokan Ciniki: Gyaɗa ko Ƙuduji?

A ilimin halittu, zaman tare iri-iri ne. Akwai na cuɗe-ni-in-cuɗe-ka, irin wanda ke tsakanin gyaɗa da ƙwayoyin bakteriyar da ke cikin ƙululun saiwarta: su samar mata da sinadarin naitirojin daga iska, ita kuwa ta ciyar da su. Akwai kuma irin zaman ƙuduji da dawa, wanda yakan manne wa saiwa ya yi ta tsotso tun bai ɓullo saman ƙasa ba. A ganina, da wannan ma'auni ya kamata kamfani ya auna manhajar da zai danƙa wa bayanan abokan cinikinsa, wato sunayensu, da abin da suka saya, da koke-kokensu.

Manhajojin suna da yawa. Kamfanin Salesforce, wanda aka kafa a Amurka a 1999, shi ya yayata tsarin hayar manhaja ta intanet, inda ake biya gwargwadon yawan ma'aikatan da ke amfani da ita. Microsoft ya fito da Dynamics 365 a 2016, ga kuma SAP na Jamus da Zoho na Indiya. Kowa na yabon hajarsa, amma ba ado ne abin dubawa ba.

Tambaya ta farko ita ce: in zaman ya ƙi daɗi, za a iya kwashe bayanan cikin sauƙi a koma wani wuri? Kamfanoni sukan sauya hannu. Alal misali Siebel, wanda ya yi tashe a shekarun 1990, Oracle ya saye shi a 2006. Ta biyu, da wane kuɗi za a biya haya? Duk wanda ke biya da dala a Nijeriya ya ji a jikinsa bayan faɗuwar darajar naira a 2023. Ta uku, ina za a ajiye bayanan? Dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora alhakin tsaronsu a wuyan wanda ya tara su.

Wani zai ce babban kamfani ya fi tsaro da ƙwarewa. Haka ne, sai dai girman mai ba da haya ba ya rage wa ɗan haya wahalar fita in bai tanadi ƙofa a yarjejeniya ba.

Saboda haka ɗalibai, ku da gobe za ku riƙe ofisoshin nan, ku koyi ɗabi'ar masanin kimiyya: a gwada manhaja da ma'aikata kaɗan, a jarraba fitar da bayanai, sannan a sa hannu. Rigakafi ya fi magani.