Kwamfutocin Gwanjo da Masu Gwada Su a Gabashin Sakkwato

Akwai wata kalma da ta shigo bakin 'yan kasuwarmu wadda, a matsayina na mai nazarin harshe, ta daɗe tana ɗaukar hankalina, wato "tokumbo". Asalinta Yarbanci ne, ma'anarta abin da ya zo daga ƙetaren teku. Mu kuma muna da "gwanjo" da "ɗan Beljiyam". Duk kalmomin nan suna gaya wa mai saye cewa kayan tsoho ne, ko inda ya fito, amma babu wadda take gaya masa ko yana aiki.

Wannan tambaya ita ce sana'ar wani tsohon ɗalibina, mutumin Wurno, wanda na tarar a shagonsa cikin birnin Sakkwato yana kwance wata kwamfutar tafi-da-gidanka. Kayansa daga Legas suke zuwa, daga kasuwar Alaba da ta kwamfuta da ke Ikeja, kuma farashi biyu ne: na wanda aka gwada, da na wanda ba a gwada ba. Na biyun caca ce tsantsa. Shi zai duba batir da allo, ya saurari fanka, ya binciki ma'adanar bayanai, ya bar na'urar a kunne tsawon sa'o'i don ya ga ko za ta jure zafi, zafin Sakkwato fa, ba na Hambog ba. Wadda ta tsallake takan ƙare a hannun malamin makaranta a Raba, ko a shagon Goronyo inda yara ke koyon danna kwamfuta, tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan na'ura a 2015.

To, wadda ta faɗi fa? A nan gizo ke saƙar. Binciken da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a tashoshin jiragen ruwan Legas a 2015 da 2016 ya nuna kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ke shigowa a shekara, mafi yawa a cushe cikin motocin tokumbo, kuma fiye da tan 15,000 matattu ne tun daga can. Alhali kuwa Nijeriya tana cikin Yarjejeniyar Basel ta 1989, ta kafa hukumar NESREA a 2007, ta kuma yi ƙa'ida a 2011 wadda ta hana shigo da na'urar da ba ta aiki. Doka dai ga ta a takarda.

Mataccen kaya hannun 'yan bola yake komawa. Su fasa, su ƙona wayoyi don fitar da jan ƙarfe, su watsar da saura a juji. A cikin sauran nan akwai dalma, musamman a gilashin tsofaffin allunan nan masu ƙeya da kuma a mahaɗin sassan na'ura. Ba sai na tuna wa mai karatu abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010 ba, inda yara sama da 400 suka rasu. Can ma'adinai ne sanadi, gaskiya ne, amma gubar ɗaya ce. Ƙasar da ke noman shinkafa da albasa da tafarnuwa da ruwan gulbin Rima da na madatsar Goronyo ba wurin zuba irin wannan toka ba ne.

Sannan ga wani abu tafe. Kamfanin Microsoft ya janye tallafin Windows 10 a Oktoban 2025, kuma a ganina ofisoshin Turai da Amurka da ke sauya na'urorinsu ba za su rasa inda za su tura tsofaffin ba.

Saboda haka ina ganin kuskure ne mu zuba wa tashar Apapa ido kawai. Shingen ƙarshe shi ne yaron nan mai sukundireba, wanda babu hukumar da ta san da zamansa. Me zai hana ƙananan hukumomin Wurno da Raba da Goronyo su ƙi sayen kowace kwamfuta domin makarantunsu sai da takardar gwaji mai ɗauke da sa hannun wanda ya gwada? Me zai hana kuma a ware fili ɗaya a Sakkwato inda za a riƙa sayen matattun na'urori daga masu gyara, a miƙa su ga kamfanonin sarrafawa masu rajista? Da na tambayi ɗalibin nawa inda yake kai nasa, bayan shago ya nuna mini: buhu uku, suna jiran mai kura.