Ƙuri'ar ƴan kallo a gasar wasannin telebijin: so take aunawa, ba gwaninta ba

Akwai wani irin wasan kwaikwayo na telebijin wanda ba ya ƙarewa cikin dare guda. Ana nuna shi kashi-kashi, sau uku ko sau biyar kowane mako, shekara da shekaru, har jaririn da aka haifa cikin labarin ya girma ya yi aure a gaban idon masu kallo. Hausawa na ce masa wasa mai dogon zango. A ƙasar Amurka kuwa, inda ya samo asali a gidajen rediyo cikin shekarun 1930, an laƙaba masa sunan wasan sabulu, saboda kamfanonin sabulu irin su Procter & Gamble ne ke ɗaukar nauyin shirya shi, domin su tallata hajarsu ga matan aure masu saurare da rana. Ɗaya daga cikin waɗannan wasanni, mai suna Guiding Light, ya soma a rediyo cikin shekara ta 1937, ya koma telebijin, bai tsaya ba sai cikin 2009, watau shekara 72 ke nan. A Ingila, Coronation Street ya soma ranar 9 ga watan Disamba na 1960, kuma har yanzu ana nuna shi.

Ɗan wasan da ya shekara ashirin yana shiga ɗakunan jama'a kowane maraice ya tashi daga baƙo, ya zama ɗan gida. An san muryarsa, an san halinsa, ana fushi da shi, ana yi masa addu'a. Saboda haka, da gidajen telebijin da jaridu suka ƙago bukukuwan ba da kyauta ga irin waɗannan wasanni, sai wata tambaya ta taso wadda har yau ba a gama warware ta ba: wa ya kamata ya zaɓi gwani? Alƙalai ƴan kaɗan waɗanda suka san sana'ar, ko kuwa miliyoyin mutanen da ake yin wasan dominsu?

A Ingila ne aka fi ganin yadda al'amarin yake. Manyan wasannin ƙasar huɗu ne. Ban da Coronation Street, wanda ke ba da labarin wata unguwar ma'aikata kusa da birnin Manchester, akwai Emmerdale, labarin wani ƙauye, tun 1972. Akwai EastEnders na gidan BBC, labarin wata unguwa a gabashin Landan, tun 1985. Sannan autansu Hollyoaks, wanda aka soma cikin 1995 domin samari da ƴan mata. Cikin shekara ta 1999 gidan telebijin na ITV ya fara nuna bikin da ake kira British Soap Awards. Masu shirya bikin sun raba kyaututtukan gida biyu. Wasu, kamar na labarin da ya fi tsaruwa da na sabon ɗan wasan da ya fi nuna hazaƙa, an bar su hannun kwamitin alƙalai. Amma waɗanda suka fi daraja, watau kyautar wasan da ya fi duka da ta babban ɗan wasa, an miƙa su ga jama'a.

Tun daga 1999 har zuwa 2013, sau goma sha biyar a jere, babbar kyautar ba ta fita daga hannun Coronation Street da EastEnders ba. Wannan bai ba kowa mamaki ba, tunda su ne suka fi yawan masu kallo, sarkin yawa kuma an ce ya fi sarkin ƙarfi. Sai ga shi cikin 2014 Hollyoaks ya ɗauke ta, alhali masu kallonsa ba su kai ko rabin na Coronation Street ba. Ya sake ɗaukarta cikin 2019.

Ba maguɗi aka yi ba, kuma a nan ne darasin yake. Kallo dabam, zaɓe dabam. Tsohuwar da ta shekara arba'in ba ta fashin Coronation Street, in an gama wasa sai ta kashe akwatinta ta kwanta. Ba ta ga dalilin da zai sa ta shiga intanet neman wata takardar zaɓe ba. Yarinya mai shekara goma sha bakwai kuwa, salula na hannunta dare da rana. Za ta jefa tata ƙuri'a, ta sa ƙawayenta su jefa, ta matsa wa uwarta da ƙanenta, ƴan wasan da take so kuma suna tunatar da ita kowace safiya ta dandalin sada zumunta. Mutum dubu masu zafin so sun fi dubu goma masu so a zuci, muddin dai ƙuri'a za a ƙidaya. Jami'in da ya taɓa shirya zaɓen shugabannin ƙungiyar manoma ko ta iyayen ƴan makaranta ya san wannan sarai: ba mai yawan dangi ke ci ba, wanda danginsa suka zo taro shi ke ci.

Amurkawa sun riga Ingilishi ɗanɗana wannan. Mujallar Soap Opera Digest ta kafa nata biki cikin 1984, ta bar wa masu karatunta kome da kome, tun daga fid da ƴan takara har zuwa zaɓen zakara. Cikin shekara ta biyu, masoya wasan Days of Our Lives suka haɗa kai, suka yi ta aika takardun zaɓe, har wasan nasu ya kwashe kusan dukan kyaututtukan wasannin da ake nunawa da rana. Daga nan editocin mujallar suka karɓe aikin fid da ƴan takara, suka bar wa jama'a zaɓen ƙarshe kaɗai. Wannan dabara ce mafi yawan bukukuwa ke bi yanzu: a tankaɗe tukuna, sannan a ba jama'a abin da ya rage a rariya. Mai zaɓe na ganin shi ke da iko, amma an riga an shata masa iyaka.

Dangance da zaɓen ɗan wasan da aka fi so, nan ma akwai abin lura. Ba safai ƴan kallo ke raba ɗan wasa da mutumin da yake kwaikwaya ba. Cikin 2022 jama'ar Ingila sun ba Paige Sandhu ta Emmerdale kyautar babbar ƴar wasa. A shekarar ita ce ta fito a matsayin muguwar mace mai kashe mutane ɗaya bayan ɗaya, wadda aka yi watanni ana jiran ranar da asirinta zai tonu. Cikin 2023 kyautar ta koma ga Danielle Harold ta EastEnders, wadda ta fito a matsayin uwa ƙarama mai fama da cutar daji a ƙwaƙwalwa. An nuna mutuwarta a wasan ƴan kwanaki kaɗan kafin bikin. Duka biyun sun yi aiki mai kyau, ba mai musun wannan. Sai dai abin da ya haɗa su shi ne, marubutan wasan ne suka ɗora su bisa labarin da ya fi girgiza zukata a wannan shekara. Ƴar wasan da aka ba matsayin maƙwabciya mai haƙuri, wadda ba ta kashe kowa ba, ba ta kuma mutu ba, ko da ta fi su iya sana'a, da wuya a tuna da ita ranar zaɓe. Ashe tun a ɗakin marubuta, watanni kafin a buɗe zaɓe, ake soma raba kyautar.

Kada kuma mai karatu ya zaci alƙalai ba su da nasu aibi. A Amurka akwai kyautar Daytime Emmy, wadda ƴan sana'a ke zaɓe tsakaninsu tun 1974. Susan Lucci ta shekara 41 tana fitowa a wasan All My Children, daga 1970 zuwa 2011, kuma babu ƴar wasan rana da sunanta ya kai nata a ƙasar. Sau 18 ana sa ta cikin ƴan takara tana komawa gida hannu wofi, har abin ya zama abin barkwanci a bakin jama'a. Sai a karo na 19, cikin 1999, aka kira sunanta, ɗakin taro duka ya miƙe tsaye ana tafi. Ba a ce gwanintarta ta tsiro cikin shekara guda ba. In so na hana jama'a ganin laifi, su ma masana wani lokaci ɗaukakar mutum na hana su ganin gwanintarsa.

To, mi ya sa gidajen telebijin ke riƙe da ƙuri'ar jama'a duk da wannan? Amsa ta farko ita ce, zaɓen kansa talla ne. Makonnin da aka yi ana kiran mutane su zaɓa, makonni ne da ake maganar wasan a jaridu da gidaje ba tare da an biya ko tamma ba, kuma wanda ya jefa ƙuri'a ba zai ƙi zama daren biki ya ga ko gwaninsa ya ci ba. Amsa ta biyu ta fi ɗaci. A zamanin da ake zaɓe ta wayar tarho, kowane kira kuɗi ne, gidan telebijin kuma na da rabonsa ciki. Inda kuɗi suka shiga, sai an sa ido. Cikin watan Mayu na 2008, hukumar Ofcom mai kula da gidajen watsa labarai na Ingila ta ci ITV tarar fam miliyan 5 da dubu 675, watau sama da miliyar 4 da rabi na kuɗin sefa a canjin wancan lokaci, saboda yaudarar masu kira a wasu shirye-shiryensa. Ɗaya daga ciki shi ne Soapstar Superstar, gasar waƙa tsakanin ƴan wasan dogon zango, inda masu shirya gasar suka ture abin da jama'a suka zaɓa suka bi son ransu. A cikin watan ne kuma aka bayyana cewa a bikin kyaututtukan wasan barkwanci na 2005, kyautar zaɓin jama'a da aka miƙa wa Ant da Dec ta Catherine Tate ce, domin ita ta fi samun ƙuri'a. Su biyun ba su san da zancen ba, kuma sun mayar da kyautar. Amma dubban mutanen da suka biya kuɗin kira sun shekara biyu da watanni ba su san an yi watsi da zaɓinsu ba.

Haka zalika, kyauta ba ta ceton wasa ranar da aka zauna lissafi. Hollyoaks da ya ci babbar kyauta sau biyu, cikin 2024 an rage shi daga kashi biyar zuwa uku a mako, ma'aikata da dama suka rasa aiki. Wasan Doctors na BBC, wanda alƙalan bikin suka sha yaba wa, an rufe shi cikin watan Nuwamba na wannan shekara bayan shekara 24. Shi kansa bikin ba a yi shi ba cikin 2024, sai cikin 2025 ya komo. Abin da shugabannin gidajen telebijin ke dubawa shi ne yawan masu kallo da abin da ake kashewa, watau tsohuwar nan da ba ta zaɓe ita ce ke riƙe da wasan.

Masu zuwa filin kokuwa sun daɗe da raba waɗannan abubuwa biyu. Tun gasar ƙasa ta farko da aka yi a Tawa cikin 1975, wanda aka kayar an kayar da shi, ko da jiharsa duka ta cika fili da kuwwa. Masoya na da ikon yi wa gwaninsu kari, su cika shi da kuɗi da tufafi, amma takobi ba nasu ba ne. Wasan kwaikwayo ba shi da ƙasar da bayan mutum zai taɓa kowa ya gani, shi ya sa rigimarsa ba ta ƙarewa.

Wannan magana ta shafi masu kallon wasannin Hausa a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai fiye da yadda ake zato. Tun 2013 kamfanin MultiChoice ke shirya biki a Legas mai suna Africa Magic Viewers' Choice Awards, wanda ma'anar sunansa ma zaɓin ƴan kallo ne. An keɓe kyauta ta musamman domin ayyukan da aka yi da harshen Hausa, kuma cikin 2016 Daɗin Kowa na gidan Arewa24 ne ya ɗauke ta. Sai dai ana zaɓen ne ta intanet, bisa shafukan da aka rubuta da Ingilishi, kuma an yarje wa mutum guda ya jefa ƙuri'a fiye da sau ɗaya. Matar da aka tura wa wasan cikin salula a bakin kasuwa, ta kalle shi da ƴaƴanta da maƙwabtanta su goma, ba ta cikin wannan ƙidaya ko kaɗan.

Albarkacin biki na goma, cikin 2024, masu shirya shi sun yi canji biyu. Na farko, sun janye kyaututtukan manyan ƴan wasa, maza da mata, daga hannun jama'a suka mayar ga alƙalai, kamar dai yadda editocin Amurka suka ja linzami kusan shekara arba'in da suka wuce. Na biyu, sun soke kyaututtukan da aka keɓe wa Hausa, Yarbanci da Ibo, suka haɗe su cikin kyauta guda ta harsunan Afirka ta Yamma, ita kuwa suka bar ta ga ƙuri'ar jama'a. Watau inda dā aikin Hausa ke karawa da ɗan'uwansa aikin Hausa, sai ya koma karawa da finafinan da masoyansu suka fi kusa da intanet, suka kuma fi sabawa da irin wannan zaɓe. A shekarar, fim ɗin Yarbanci mai suna Jagun Jagun ne ya ci.