Dubiya Da Yawa, Hanyar Cuta Da Yawa

Mai karatu, ka lura da yadda hanyoyin mota suke. Ƙauye yana da hanya ɗaya ko biyu, amma babbar tasha hanyoyi da dama ne suke haɗuwa a cikinta. Haka mu'amalar mutane take. Wani bai wuce gida da gona ba, wani kuwa yakan gaisa da mutane da yawa kafin azahar. Cuta mai yaɗuwa wannan saƙar take bi, kuma inda hanyoyi suka haɗu nan take samun ƙarfi. Asibiti ma tasha ce.

A shekarar 2015 cutar numfashi ta MERS ta kama mutum 186 a Koriya ta Kudu, 38 suka rasu. Mafi yawan waɗanda suka kamu ba su shafa wa kowa ba. Mutum biyar kacal ne suka yaɗa ta ga fiye da kashi 80 cikin 100 na majinyatan. Ɗaya daga cikinsu ya shafa wa mutum fiye da 80 cikin kwana uku a sashen gaggawa na wani babban asibitin birnin Seoul. Cunkoso da al'adar taruwar dangi a gefen gadon majinyaci sun taimaka wa cutar.

Sanin wannan saƙar kuma yana kashe annoba. Da Ebola ta shigo Legas a watan Yulin 2014, ma'aikatan lafiya sun bi sawun mutum 894 da suka yi hulɗa da masu cutar, ana duba kowannensu har kwana 21. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, a watan Oktoba aka tabbatar cutar ta ƙare a Nijeriya.

Saboda haka a ganina ƙayyade 'yan dubiya ba wulaƙanci ba ne. Zumunci abu ne mai kyau, amma mota cike da dangi a ɗakin jinya tana iya kwasar cuta ta kai unguwa goma. Mai jinya ɗaya ya isa, sauran su gaisa ta waya. Kada a zo da ƙananan yara. A wanke hannu da sabulu wajen shiga da wajen fita. Idan kuma likita ya tambaye ka waɗanda ka zauna da su, kada ka ɓoye sunan kowa don kunya. Wanda ka ɓoye, ta kansa cutar za ta bi ta isa wani gidan.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.