Nama da Awara

A unguwar Malali, arewa da Kogin Kaduna, da la'asar ta yi sai mai tsire ya jera tsinkensa gefen wuta, mai awara kuma ta ɗora kaskonta. Yara da yawa sun ɗauka awara abincin wanda ya rasa kuɗin nama ce, har wani yakan ji kunya a gan shi da ita. Wannan kuskure ne babba.

Nama yana gina jiki, babu musu. Amma kafin tsoka guda ta shiga tukunya, sa ya yi shekaru yana kiwo yana shan ruwa. Masana sun ƙiyasta kilo ɗaya na naman sa yakan ci ruwa wajen lita 15,000, yawancinsa ruwan saman da ya fid da ciyawar da ya ci. Sa'an nan in saniya tana tuƙa takan yi gyatsa, ta fitar da wata iska wadda ba a gani, mai riƙe zafin rana. A 2013 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kiwon dabbobi ke jawo kusan kashi 15 cikin ɗari na iskar da 'yan Adam ke ɗumama duniya da ita. A ƙasar Barazil kuwa, an sare daji mai yawan gaske don a samar wa shanu wurin kiwo.

To, kada a ɗora wa Bafillace laifi. Shanunsa suna ba da nono da mai, suna cin kara bayan kaka, su bar wa manomi taki. Mutanen ƙasar nan ma ba su kusa da mutanen Amurka wajen cin nama ba. Sai dai garuruwa suna ta girma, kowace safiya ana yanka shanu a mayankar Zango ta Tudun Wada, ga shi kuwa gonaki da gidaje sun matse burtali. Inda wurin kiwo ya yi kaɗan, nan rigimar manomi da makiyayi ke tashi.

Ita awara, asalinta daga ƙasar Sin ne, da waken suya ake yinta. Za a jiƙa waken, a markaɗa, a tace, a ɗora ruwan bisa wuta. In ya tafasa sai a zuba ruwan tsami, nan da nan ya dunƙule. A kwashe cikin ƙyalle, a matse, a yayyanka, a soya, a barbaɗa yaji. Abin nan mai gina jiki da ake nema cikin nama, akwai shi cikinta, kuma da araha. Haka yake cikin ƙosai da alala da ƙuli-ƙuli, abincin da kakanni suka girma da shi suka yi noma da ƙarfinsu. Gidan da ya ci wake yau, awara gobe, ya sa nama a miya ran Juma'a, 'ya'yansa ba za su rame ba.

Wake yana da wata baiwa kuma. Saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, shi ya sa manoma ke shuka shi tsakanin gero da dawa. In an yi roro, harawar ma ba a yar da ita. Da ita ake kiwon ragon layya.